Bindigar da Ashta Ta Saya a Kuri

Sau biyu aka tare tankar Ashta cikin wata guda, a hanyar da ta taso daga rijiya zuwa ramukan zinariya na Kuri. Karon farko abin ya zo da sauƙi: sun zuƙe mai, sun kwance batir, sun ɗauke taya biyu, suka bar direba zaune a inuwar motarsa har Allah ya kawo wasu matafiya. A karo na biyu kuwa sai da suka harbi Barkai a cinya, don kawai ya yi nawar saukowa. Barkai ƙanin mijinta ne, shi ya karɓi tuƙin tun ranar da rami ya rufta da yayansa, shekara uku ke nan. Yanzu ga shi kwance a Zuwar, ƙafa a ɗaure. Sabon direban da ta samo kuma ya faɗa mata ba kwana-kwana, shi ba zai taka wannan hanyar ba sai da bindiga kalashi a gefen kujera.

Ashta ba ta taɓa riƙe bindiga ba. Wuƙa dai tana da ita a ƙarƙashin lafaya, kamar kowace mace a garinsu. Abin da ta sani shi ne ruwa: duro nawa tanka ke ci, wane rami ne ke biya da zinariya mai kyau, wanne ne ke cakuɗa ta da yashi. Kwana goma sha ɗaya motar na tsaye, har wasu masu tanka sun fara zagayen ramukan da take kai wa. Sai ta tattara abin da ta ajiye, zinariya giram talatin cif a cikin 'yar kwalbar magani, ta ɗaure a ƙugu, ta tafi ta ɗauko kawunta Wardugu.

Wardugu yayan mahaifiyarta ne. Ya yi yaƙi tun yana saurayi, ya dawo da yatsa uku a hannun hagu da kunne guda da ba ya ji sosai, ya koma noman dabino. Shi ke da tsohuwar Toyota, amma ita ke tuƙa ta in za su yi nisa.

"Zan raka ki," ya ce, yana naɗa rawani. "Amma ki ji ni da kyau. Ni zan duba, ke ki yi shiru. Kada ki ambaci kuɗi sai na ajiye bindigar ƙasa. In na ce a'a, to a'a ce."

"To, kawu."

"Wannan 'to' ɗin naki na san ta. Irin ta uwarki ce."

Sun isa kasuwar Kuri da hantsi, rana ta riga ta fara dukan rufin kwano. Suka wuce masu taliya da kifin gwangwani, suka wuce masu sayar da na'urar neman zinariya, suka shiga layin da ba a rataye komai a ƙofar rumfa, sai dai mutum ya sunkuya ya shiga.

Mai rumfar farko wani kakkauran mutum ne mai haƙorin zinariya, ana ce masa Adum. Yana ganinsu ya miƙe da fara'a.

"A'a, Hajiyar ruwa da kanta! Yau kuma wuta kika zo saye? Ku zauna, ku zauna. Baba, ga tabarma."

Ya zaro wata bindiga daga ƙarƙashin bargo, baƙa wuluk tana sheƙi, katakonta ja kamar an shafa masa lalle. Ashta ta ji ranta ya biya. Wardugu ya karɓa. Ya fara kai ta hanci ya shinshina.

"Baba, ai ba turare ba ce."

"Ba turare ba ce, fenti ce. Yaushe ka shafa? Jiya ko shekaranjiya?"

Adum ya yi dariya. "Gyara ne kawai. Wallahi sabuwa ce, cikin akwati ta zo."

Tsohon ya cire gidan harsashi, ya tabbatar babu komai a ciki, ya buɗe bayanta da yatsunsa uku kamar mai ɓare gyaɗa. Ya matsa bakin rumfa, ya ɗaga bututun ya leƙa ta cikinsa, yana fuskantar haske. Ya daɗe a haka. Sannan ya haɗa ta, ya girgiza ta kusa da kunnensa mai ji, ta yi ƙara kamar cokula a kwano.

"Nawa ka ce?"

"Don Hajiya ce, giram ashirin da huɗu."

"Wannan ta girme ka, Adum. Wataƙila ma ta harbe ni a wancan zamanin, ta kuskure. Cikinta ya suɗe tas, kamar bututun ruwan Ashta. In ka auna raƙumi da ita, mai raƙumin za ka samu."

"Haba, Baba! To ashirin da biyu."

"Ko kyauta ka ba ni sai na nemi la'ada."

Suka fita Adum yana bin su da magana, yana cewa tsofaffin nan ba abin da suka iya sai kushe. A rumfa ta biyu da ta uku ma haka: wata ta yi tsatsa a inda ido ba ya kaiwa, wata kuma an harhaɗa ta ne daga gawar bindigogi uku, ko lambobin jikinta ba su yi daidai da juna ba. Sai a rumfa ta huɗu, wajen wani dattijo mai ƙarancin magana, Wardugu ya riƙe wata ya yi ta juya ta, ya gyaɗa kai. Dattijon ya ce talatin da takwas. Aka yi ta ja har aka sha shayi zagaye biyu, ya sauko talatin da shida, ya ce ko uwarsa ce ta zo ba zai rage ƙwaya ba.

A waje Ashta ta tsaya a inuwar wata babbar mota, gumi yana bin bayanta.

"Kawu, shida suka rage mana. Kuma ba a yi maganar harsashi ba."

"To mu koma gida, ki ƙara tarawa."

"Da me zan tara? Motar na tsaye!"

Suna cikin haka wani siririn mutum ya matso, sanye da rigar ƙwallo da rawani ruwan toka. Tun rumfa ta biyu Ashta ta lura yana biye da su. Ya gaishe su da ladabi, ya ce sunansa Abakar, dillali ne.

"Na ga Baba ya san kaya," ya ce ƙasa-ƙasa. "Akwai wata. Mai ita tafiya ce ta kama shi, yau yake son rabuwa da ita. In Baba ya samu aibi ko guda a jikinta, ni zan biya muku kuɗin mai."

"Tana ina?" in ji Wardugu.

"Nan baya kaɗan."

Ba kaɗan ba ne. Sai da suka bar layin bindiga gaba ɗaya, suka ratsa ta wajen masu faci, suka bi bayan tarin tsofaffin tayoyi, har inda hayaniyar kasuwa ta koma can nesa. Wata kwantena ce ajiye ita kaɗai, ƙofarta guda a buɗe. Wardugu ya tsaya ya dubi hagu da dama. Ashta ta riga ta sa ƙafa, dole ya bi ta.

Ciki kamar tanda. A can ƙurya wani mutum na zaune kan jarka, ya ja rawani har ƙarƙashin ido, ƙaramar bindiga kwance a kan cinyarsa. Bai amsa sallama ba sai da kai. Abakar ya jawo ƙofar ya bar 'yar kafa, ya shimfiɗa musu kwali, ya kwance wani bargo mai ruwan ƙasa.

Ko Ashta da ba ta san komai ba ta ga bambanci. Wannan ba ta sheƙi. Baƙinta ya ɗan koɗe a inda hannu ke kamawa, amma ko'ina a tsaftace, kamar kayan da mai shi ke so. Wardugu ya yi mata duk abin da ya yi wa sauran. Ya shinshina, ya buɗe, ya kai bututun wajen kafar ƙofa ya leƙa. Ya girgiza ta, shiru. Ya ja ƙarfenta ya saki, ta koma da wani sauti mai tsabta, ƙwas. Ya sake ja. Ashta ta ga leɓensa na motsi, ta san ya yaba.

"Nawa?" ta ce, ta manta da alkawari.

Tsohon ya harare ta.

"Goma sha takwas," in ji Abakar. "Da gidan harsashi biyu, cike."

Gabanta ya buga don murna. Ta fi ta dattijon can kyau, ga ta a rabin kuɗi, har da harsashi. Ta dubi kawunta tana jiran ya ajiye ta ƙasa. Bai ajiye ba. Fuskarsa ma sai ta ga ta canza, fara'ar nan ta mai kushe kaya ta ɗauke.

"Sha takwas," ya maimaita a hankali. "Mai ita ya san abin da yake sayarwa kuwa?"

"Na ce maka sauri yake yi, Baba."

"To madalla. Mu je bayan dutse inda ake gwaji, in saki uku in ji muryarta."

"A'a, ba a fita da ita."

"Ban gane ba. Kowa a kasuwar nan can yake gwadawa."

"Wannan ba a fita da ita sai an biya," Abakar ya ce, ya waiwayi na kan jarka. "In kun biya, ku naɗe ta a bargon, ku gwada a hanyarku."

Wardugu ya ce to. Ya kwantar da bindigar a cinyarsa, ya shiga shafa katakon gindinta da babban yatsa, sama da ƙasa, kamar mai lallashin akuya. Ashta na kusa da shi, ta ga inda yatsan ke komawa: wani wuri mai faɗin tafin jariri da aka kankare, aka shafe da baƙin mai don kada ya nuna. A gefen kankarar akwai ragowar wani zane da wuƙa ba ta cinye ba, 'yan layuka biyu da suka haɗu kamar ƙafar tsuntsu. Mutanensu kan zana lalas, wato tambarin raƙuman gidansu, a jikin bindiga. Ita ba ta iya karanta su duka ba, amma kawunta babu lalas ɗin da bai sani ba daga nan har Bardai.

Sai ya juya gindin ya danna ɗan murfin da ke ƙarshensa, inda ake ajiye kayan goge bututu. Ya yi tari mai ƙarfi, ya sunkuya, hannunsa mai yatsa uku ya sauka a kan lafayarta kamar mai neman madafa. Da ya ɗaga, ta ji wani ɗan abu ya rage a cinyarta. Ta rufe shi da gefen mayafi.

"Sannu, Baba. Zafi ne," in ji Abakar, ya juya ya ɗauko gorar ruwa.

A wannan ɗan tsakanin ta leƙa. Ɗan ƙaramin hoto ne, irin na takardar makaranta, an naɗe shi cikin leda. Yarinya ce 'yar shekara bakwai ko takwas, da giɓi a gaba, an yi mata kitso biyu. Ashta ta san ta. Sati uku da suka wuce ta je ta'aziyya Wur, gidan Kallai ɗan Yosko, mai rakiyar motocin mai, wanda aka tsinci gawarsa a gefen hanya ba mota ba bindiga. Wannan yarinyar, 'yar mamacin, ita ce ta zauna a jikinta ranar, tana wasa da awarwaronta, tana tambayarta ko tankarta ta fi motar babanta girma.

Ta tura hoton cikin ƙugu kusa da kwalbar, ta karɓi gorar ta miƙa wa kawunta.

"Ke ce mai shuɗiyar tanka."

Na kan jarka ne ya yi magana, karo na farko. Muryarsa a shaƙe take, ba tambaya yake yi ba.

"Ni ce," ta ce.

"Yaya ƙafar direbanki?"

"Da sauƙi."

"Allah ya ƙara sauƙi. Hanyar nan ba kyau."

Ya ɗora hannu a kan ƙaramar bindigar, ba ɗauka ya yi ba, ya dai ɗora. Ashta ta dubi ƙofa. Abakar na tsaye a jikinta. Daga nan ko ihu mutum ya yi, injin masu faci zai haɗiye shi. Ta fahimci mutumin ya ga lokacin da yatsan kawunta ya tsaya a kan kankarar, kuma yanzu jira yake ya ga abin da za su yi. Wanda ya zagaye kasuwa tun hantsi yana neman mai kyau, aka ba shi wadda ta fi kowacce a rabin kuɗi, in ya miƙe ya ce ba ya so, ya faɗi abin da ya gani ke nan.

Wardugu ya buɗe baki, ta san "a'a" zai ce, don shi bai iya wata hanya ba. Sai ta riga shi.

"Sha takwas ta yi yawa."

Duka ukun suka dube ta.

"Hajiya, wasa kike yi?" in ji Abakar.

"Wasa? Kun hana a gwada. In na kai ta gida ta ƙi tashi, wa zan kama? Kai da ban san gidanku ba? Kuma dubi nan," ta miƙa hannu ta buga katakon daidai kan kankarar, "duk an ƙwarzane ta, kamar an ja ta a ƙasa. Ni direbana ɗan gayu ne, zai ce na sayo masa ta tsohuwa. Sha huɗu."

Ta ji kawunta ya daina numfashi a gefenta. Na kan jarka ya zuba mata ido ta saman rawani. Ta mayar masa da kallo irin wanda take yi wa masu ramin da ke son su biya ta da yashi, ta ɗaure fuska.

Can sai kafaɗunsa suka motsa. Dariya yake yi.

"Mata," ya ce. "Ƙwarzane take gani. Baba, haka take yi maka a gida?"

"Ta fi haka," Wardugu ya ce da ƙyar.

"Sha bakwai."

"Sha biyar, kuma bargon nawa ne."

Aka tsaya a sha shida. Abakar ya fito da ɗan sikeli daga aljihu. Ta juya musu baya ta kwance kwalbar, don kada su ga sauran, ta zuba a hankali har lambar ta cika, ta kuma tsaya sai da ya kaɗe ƙwayar da ta haura ya mayar mata. Ta naɗe bindigar da kanta, ta rungume ta kamar buhun gero. Abakar ya buɗe ƙofa.

"Ki gaishe da direban," na kan jarka ya ce a bayansu.

Ba ta waiwaya ba. Tun daga tarin tayoyi har wajen mota tana jin tsakiyar bayanta na tsuma, tana jiran ƙara. Wardugu na gefenta yana jan ƙafa. Da suka bar kasuwa, rumfuna suka ɓace a madubi, ya juyo gare ta.

"Kin san abin da kika sayo?"

"Na sani. Na ga hoton."

"Ba ki sani ba. Kina tsammani don sauri suka karya kuɗin? 'Yan'uwan Kallai sati uku suna bin kasuwanni suna neman wannan bindigar. Duk wanda aka gan ta a hannunsa, shi ne ya kashe shi. Mutumin can ba kuɗi yake nema ba, wanda zai ɗauki jinin yake nema. Ina tabbatar miki kafin la'asar wani zai buga waya Wur ya ce an ga bindigar Kallai wajen mai shuɗiyar tanka. Za a ce Barkai da Kallai ne suka yi musayar wuta, shi ya sa yake kwance da harsashi a cinya."

Ƙafarta ta sauka daga kan totur ba ta sani ba. Wannan lissafin bai zo mata ba.

"Tsaya a wancan kwarin," in ji shi. "Mu haƙa rami mu binne ta. Sha shida sun tafi, Allah ya mayar."

"In mun binne ta, suka zo suka tambaye ni fa? In ce ban gan ta ba? Abakar zai rantse ya sayar mini. Adum ma ya gan mu a kasuwa."

"To me kike so?"

Ta dubi allurar mai. Ta dubi inda hanya ta rabu, ɗaya ta yi Zuwar, ɗaya ta yi Wur. Ta karya kan motar ta nufi Wur.

"Ashta! Gidan mutanen da ke neman wanda za su kashe za ki kai kanki?"

"Gara in same su da su same ni, kawu."

Ya yi ta faɗa har muryarsa ta dushe, sannan ya ciro carbi. Sun kwana a hanya, suka ci dabino da ruwa, da asuba suka ci gaba. Rana ta take tsaka suka shiga Wur.

Tun daga nesa ta hango motoci biyu a ƙofar gidan Yosko, ana ɗora musu jarkokin mai da ruwa. Maza shida ko bakwai, kowa da bindiga a kafaɗa. Da suka ga Toyotar Wardugu suka dakata. Wani matashi dogo ya leƙo, ya gane ta, ya yi wata irin ƙara ya nufo motar, hannunsa na zaro wuƙar da ke ɗaure a damtsensa. Togoi ne, autan su Kallai.

Wardugu ya riga ta fita. Ya tsaya tsakanin matashin da ƙofarta, ya ɗaga hannayensa biyu, mai yatsa biyar da mai yatsa uku.

"Ni ne Wardugu ɗan Allaci. Kakarku da kakata uwa ɗaya ta haife su. Mun zo da ƙafarmu, ba wanda ya kawo mu. Ina Sugi?"

"Matsa, tsoho!"

"Togoi." Muryar ta fito daga bakin zaure, ba da ƙarfi ba. Sugi ne, babban yayan mamacin, mai furfura a gemu. "Mayar da ita. Wanda ya zo ƙofarka da rana, sai ka ji bakinsa tukuna."

Aka shimfiɗa tabarma a inuwar bango. Ba wanda ya kawo shayi. Ashta ta ɗauko bargon da kanta, ta ajiye a gaban Sugi, ta juya bakin bindigar ya fuskanci inda take zaune, sannan ta kwance. Wani a cikin mazan ya yi salati. Sugi bai taɓa ta ba, kallonta kawai yake yi.

"Jiya da la'asar aka kira mu," ya ce. "Aka ce tana wajenki. Aka ce ƙanin mijinki ne."

"Jiya da azahar na saye ta a Kuri, giram sha shida. Barkai kuwa an harbe shi kwana tara bayan rasuwar Kallai, ku aika Zuwar ku tambayi wanda ya ɗinke shi."

"Sha shida?" Togoi ya yi tsaki daga inda yake tsaye. "Wa zai sayar da wannan sha shida? Ƙarya take yi!"

"Wanda yake son ku zo ku kashe ni ku huta da nema," ta ce, ba ta dube shi ba.

Ta ba su labarin tun daga rumfar Adum har kwantena. Ta siffanta Abakar da rigarsa, ta siffanta mai shaƙaƙƙiyar murya, ta faɗi abin da ya ce game da direbanta. Sugi ya yi ta yi mata tambaya, yana komawa baya yana sake tambayar abu guda ta wata fuska. Ya juya ga Wardugu, shi ma ya faɗi nasa.

"Kin san tasa ce kafin ki biya, ko bayan kin biya?"

"Kafin."

"Da me kika sani? An kankare lalas ɗin."

Ta sa hannu a ƙugu. Mazan suka motsa, ta ji ƙarar ƙarfe a bayanta. Ta fito da hannun a hankali, ta buɗe tafin, ta ajiye ɗan hoton a kan bargon.

Sugi ya ɗauka ya kai kusa da ido. Ya daɗe. Sannan ya miƙa wa Togoi ba tare da ya ɗaga kai ba. Matashin ya duba, ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa suka shiga rawa.

"A ina yake?" Sugi ya tambaya.

"Cikin gindinta, inda ake sa kayan gogewa," in ji Wardugu. "Su ba su san da shi ba."

"Mu ma ba mu sani ba." Ya shafa gemu. Can ya waiwaya ya ce wa wani, "A ɗora shayi."

Motocin biyu sun tafi a ranar, amma Kuri suka nufa. Sun sami kwantenar a buɗe, ba kowa sai jarka da kwali. Abakar, aka ce, ya hau motar Libiya tun daren ranar cinikin. Mai shaƙaƙƙiyar murya kuwa ba wanda ya yarda ya taɓa ganinsa.

Sugi ya aiko wa Ashta da raƙuma guda a madadin zinariyarta. Wardugu ya duba haƙoranta ya ce ba ta kai sha shida ba, amma kada ta kuskura ta mayar. Bayan kwana biyar kuma, tana cikin tunanin yadda za ta yi da direban da har yanzu ya ƙi hawa, sai ga Togoi a ƙofar gidanta da bindigar yayansa a kafaɗa, an sake zana lalas ɗin a ɗaya gefen katakon. Ya ce Sugi ne ya turo shi, zai riƙa bin tankar har zafi ya wuce, ba ya son a biya shi.

Tankar ta koma hanya. Ashta ta bi su tafiyar farko, tana zaune a tsakiya. Direba na ta surutu, ya ji daɗi, har yana waƙa. Togoi kuwa idonsa na kan hanya tun daga rijiya. Ta lura duk motar da ta ɓullo daga nesa sai ya gyara zama ya sauke gilashi, in ta wuce lafiya kuma sai ya koma ya jingina, fuskarsa kamar ta wanda aka hana abinci. Da suka zo kwarin da aka harbi Barkai, direba ya taka mota don su wuce da sauri.

"Rage gudu," in ji Togoi.

Direban ya dubi Ashta.

"Taka," ta ce. "Ruwa muka ɗauko, mutane na jira."

Ya taka. Togoi bai yi musu ba, sai dai ya juya yana kallon kwarin ta taga har duwatsu suka rufe shi.